Sarƙar da Ba a Ɗaura wa Budurwa

Ku da kuke cika min akwatin saƙo da "Husaina kin cika zumuɗi", to yau ranarku ce, ku gyara zama. Zumuɗin nan wallahi ya kai ni ya baro.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu, ni ƴar Gusau ce, shekarata ta uku ke nan a Alƙahira ina karatun Shari'a. Ina zaune a Hayyin Ashir, hawa na huɗu, wajen ƙanin Ummata, Kawu Illiyasu, wanda ya fi shekara goma a garin nan yana fama da digirin digirgir. Abu biyu kowa ya sani a kaina: bakina ba ya shiru, sannan ina da ciwon Indiya. Tun ina firamare nake yafa labulen ɗakin Umma a kafaɗa in ce sari ne. Yanzu kuwa ku leƙa durowata ku sha kallo. Gajerun rigunan nan na zamani da ƴan matansu ke ɗorawa a kan wandon jins ina da bakwai, dogaye masu faɗin ƙasa huɗu, awarwaro kuwa na roba da na ƙarfe na cika gwangwanin madara biyu da su. Duk a kasuwar Ataba nake tsinto su, rabinsu ma daga Sin suke, na sani, amma ina ruwana.

To ku ɗauki mai irin wannan ciwon ku haɗa ta da saurayin da ya yi shekara shida a Haidarabad ta Indiya yana karatun haɗa magunguna. Ukasha ke nan, ɗan Kaura, dogo, mai magana kamar ba ya so. Yanzu yana aiki a nan Alƙahira, unguwar Mohandessin, yana karɓar marasa lafiya daga gida yana raka su asibiti yana musu tafinta, shi ya sa kowa ke ce masa Dakta. Ranar da na fara jin ya amsa waya da yarensu, a ranar na san tawa ta ƙare.

Kawu ne kaɗai bai taɓa sakin jiki da shi ba. Watan jiya ya zaunar da shi a falo, ni kuma ina bayan ƙofar kicin na kasa kunne, kun san hali.

"Ukasha, shekara shida a ƙasar mutane ba kwana shida ba ne. Ka taɓa aure? Ka bar wani nauyi a can?"

"Babu, Malam."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata, Malam."

Bayan ya tafi Kawu ya kira ni. "Ƴar biyu, fito daga inda kike laɓe." Na fito ina sosa ƙeya. Ya ce yaron yana da ladabi, amma idonsa na wanda ya taɓa binne wani abu ne. Ni kuwa na hau rantse-rantse, na ce na san Dakta ciki da bai, ko tari ya yi na san dalilinsa. Kawu ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Mahaifinki ya ce da bakina zai ba da ke. Zan ce masa na amince. Amma ki yi min alƙawari ɗaya. Ranar da kika kama ƙarya ɗaya a bakin yaron nan, ke da kanki za ki kawo min ita."

"Na yi alƙawari, Kawu." Har da dariyata na faɗa.

Aka tsayar da ranar Juma'ar nan, bayan an sauko daga masallaci, dangin Ukasha za su kai kuɗin gaisuwa gidanmu a Gusau. Ku riƙe wannan. Abin da zan ba ku labari ranar Talata ya faru, saura kwana uku.

Da hantsi ne, wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Kawu ya tafi ɗakin karatu, ni ba ni da darasi, ina zaune gaban hita da safa biyu saboda sanyin Disamba. Ƙawata Mahasin, Bahaushiyar Sudan da ke ƙasanmu, ta hauro muna gyaran ganyen molohiyya, lalon Misirawa. Sai muka ji guɗa daga matakala. Guɗa fa, a Hayyin Ashir, ranar Talata!

Na buɗe ƙofa na ga Gwaggo Mariama, ƙanwar mahaifin Ukasha da ta zo aikin gwiwa take zaune a gidansa. Ta dafa sanda tana haki, mai gadin gidanmu na biye da ita ɗauke da wani jan akwati a kafaɗa.

"Innalillahi! Gwaggo, da wannan ƙafar kika hau hawa huɗu?"

"Ke matsa min, amaryarmu. Abin arziki ai ba ya jiran gwiwa."

Ta zube a kujera, ta sha ruwa, ta fara. Wai tana neman bargo ne a saman durowar Ukasha, ta sa mai aikin shara ta sauko mata da akwatin, tana buɗewa ta ga kayan mata na Indiya shaƙe. "Na ce oh ni Mariama, yaron nan kunya za ta kashe shi. Ya san yarinya na son kayan Indiyawa, ya tara mata, ya rasa bakin kawowa. Saura kwana uku a kai gaisuwa, ba a kai wa yarinya ko kayan toshi ba? A danginmu ba a yin haka. Yana fita na tari tasi."

"Bai san kin kawo ba, Gwaggo?"

"Shi da wa? Aikin iyaye mata ne wannan. Namiji ina ruwansa da akwati?"

Gaskiya ta faɗa, ko ba haka ba? Duk wata ƴar Hausa da ta ga akwatin kayan mata a ɗakin saurayin da aka kusa kai masa gaisuwa, abu ɗaya za ta kawo a ranta. Ni ma shi na kawo. Gwaggo ba ta jima ba, ta ce tana da ganin likita da azahar, muka rirriƙe ta muka saukar da ita. Kafin tasin ta sha kwana ni da Mahasin mun koma sama da gudu kamar yaran da aka tashi daga makaranta.

Ƙamshin kafur ne ya fara dukan hancina da na zuge zif ɗin. A sama akwai riguna da wanduna na zaman gida guda biyar, masu laushi, ɗinkin hannu. Ƙarƙashinsu sari biyu, kore da ruwan zuma. Da na ɗaga su sai ga abin da ya fi su duka. Wani jan yadi ne mai nauyi, an bi gefunansa da aikin zaren zinariya mai faɗin tafin hannu, tsawonsa kuwa muka warware daga ƙofar falo har baranda bai ƙare ba. Da doguwar rigarsa, da wandonsa mai matsattsiyar ƙafa. Ga wani ɗan akwatin katako, a ciki ƴan kunne masu kama da ƙararrawa, abin goshi, ɗan hanci, sarƙar ƙafa ta azurfa, da awarwaron gilas ja da kore jere a kan naɗaɗɗiyar jarida.

"Ya salam!" in ji Mahasin. "Wannan ba kayan Ataba ba ne, ƴar uwa."

Ta ciro wasu ƴan mitsi-mitsin awarwaro guda biyu na baƙaƙen duwatsu da azurfa, ta zura yatsu biyu suka cika su. Muka yi ta dariya, muka ce wataƙila na ɗaure gashi ne, ta mayar. A can ƙuryar akwatin kuma akwai ƴar jakar karan-miski, a cikinta sarƙa: ƙananan baƙaƙen duwatsu jere biyu, tsakaninsu ƙwayoyin zinariya, a tsakiya wani ɗan wata na zinariya, bayanta igiya ce ta zare maimakon maɓalli. Ba ta kai sauran ƙyalli ba, amma ita ta fi shiga raina.

Na ce sai na saka jan sarin nan yanzu-yanzu. Rigar ta ɗan yi min yawa a ƙirji, wandon ya zauna. Yadin ne ya gagare mu. Muka naɗa a ƙugu, ya yi yawa. Muka ninka, ya zame. Ni da na yi shekara goma sha biyar ina kallon yadda ake ɗaura sari, sai ga ni tsaye kamar an naɗe gammo. Mahasin ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Yalla, mu hau wajen Anti."

Anti Rukhsana tana hawa na biyar, samanmu. Ba'indiya ce ta gaske, ƴar Haidarabad, mijinta abokin karatun Kawu ne. Tana da keken ɗinki a falo tana ɗinka wa matan unguwa riga da wando. Da Larabci muke magana da ita, nata a karye nawa a karye. Ta sha yi min tsiya cewa abin da nake gani a fim ko mahaukaciya ba ta zuwa cefane da shi a garinsu.

Tana buɗe ƙofa ta ga yadin a hannuna, sai ta dafe ƙirji. Ta karɓe shi da hannu biyu, ta shinshina, idonta ya ciko.

"Habibti, wannan ba sari ba ne. Khada dupatta sunansa. Kayan amaren garinmu ne, mu kaɗai muke saka shi. Shekara tara rabon da in gan shi da idona. A ina kika samu?"

"Dakta ne ya aiko min," na faɗa ina fari da ido.

"Mutuminki ya san abu mai kyau."

Ta tsayar da ni a tsakar falo, ta cika bakinta da fil. Ta soke tsakiyar yadin a bayan wandon, ta ɗauko gefe ɗaya ta tattara shi ta ɗora a kafaɗar hagu, ta zagayo da ɗayan ta ƙarƙashin hannuna ta haɗa su, yadda duk aikin zinariyar ya jeru a ƙirjina, ragowar ta rufe min kai. Ta matsa min hannu da sabulu ta zura awarwaron gilas ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ta saka min abin goshi da ƴan kunne. Da na juya wajen madubi, jama'a, ban gane kaina ba. Na yi kyau, ba yabon kai ba. Har hawaye na yi, na ce a raina wane irin so mutumin nan yake min da zai ɓoye wannan dukiya yana jiran ranata.

Anti ta ce bari ta haɗa mana shayi, amarya ba ta tsayuwa da yunwa. Tana shiga kicin na tuna da ƴar jakar karan-miskin da na soke a aljihun rigar sanyina.

"Mahasin, ɗaura min wannan kafin ta fito."

Mahasin ta juya igiyar ta rasa yadda ake jan ta, sai kawai ta ƙulle ta tam a ƙeyata, ƙulli biyu. Ta ɗauke ni hoto da wayata. Ban tsaya tunani ba na tura masa ta WhatsApp, na rubuta a ƙasa: "Asirinka ya tonu, Dakta. Na gode, na gode, na gode."

Anti ta fito da tire. Ta yi taku biyu ta tsaya cak.

"Wa ya saka miki wannan a wuya?"

"A cikin kayan take, Anti. Ba ta yi kyau ba?"

Ta ajiye tiren a kan keken ɗinki. Ta matso ta ɗaga ɗan watan da yatsa, ta juya bayansa. Fuskarta ta canja gaba ɗaya.

"Husaina, an ɗaura miki aure ban sani ba?"

"A'a, Anti! Sai bayan Sallah ma tukuna."

Ta ja wuyan rigarta ƙasa kaɗan. Ga irinta sak a wuyanta, baƙaƙen duwatsu da zinariya, duk zamana da ita ban taɓa lura ba.

"Kali pot muke ce mata. Ba addini ba ne, al'adarmu ce. Ranar ɗaurin aure babbar mace take ɗaura wa amarya ita a gaban dangi. Budurwa ba ta saka ta, ba a ba da ita kyauta, ba a ba da aronta. Tawa shekara goma sha huɗu ba ta bar wuyana ba, da ita nake wanka, da ita na haihu."

Na yi dariyar yaƙe. "To ai shi ke nan, Anti, ya saya ne ya ajiye wa ranar bikinmu."

"Sabuwa ce wannan?" Ta nuna min bayan watan. Zanen da ke jiki ya shafe, ya yi sumul. "Fata ce ta cinye shi. Wannan ta kwana a wuyan mace ta tashi a wuyan mace, ba wata ɗaya ba, ba wata biyu ba."

Ta ɗaga hannuna ta juya ɗinkin hammatar rigar, ga shatin lalle ya dafe a bakin hannun. Ta sa Mahasin ta sauka ta ɗauko sauran kayan. Ta ɗauki ɗaya daga cikin rigunan zaman gidan ta juya cikinta, ta nuna mana inda aka farke gefe da gefe aka ƙara ƙyalle, zaren ma launinsa daban.

"Na yi wa mata wannan aikin ya fi sau ɗari," in ji ta a hankali. "Idan ciki ya tsufa ake yin sa."

Mahasin ta kalle ni, na kalle ta. Sai Mahasin ta miƙa hannu cikin akwatin katakon ta ciro ƴan mitsi-mitsin awarwaron da muka yi wa dariya ɗazu. Anti ta karɓa ta rufe su a tafin hannunta.

"Na jarirai ne. Kaka ce take saka wa jikanta."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan tarin yadukan mutane. Da ƙyar na iya tambaya, "Anti, to me ke raba mace da wannan sarƙar?"

"Abu uku. Ko mijin ya mutu, ko ya sake ta."

"Na ukun fa?"

"Ko masu wanka su cire mata."

Wayata ta yi ƙara a kan cinyata. Alamar nan biyu ta koma shuɗiya, ya ga hoton. Yana rubutu. Ya tsaya. Yana rubutu. Ya tsaya. Na ƙura wa wayar ido har ta fara yi min biyu-biyu.

"Wa ya ba ki?"

Wani saƙon nasa ya biyo baya.

"Husaina wa ya ba ki akwatin nan"

"Don girman Allah kar ki taɓa komai. Ina hanya."

Ba "kin yi kyau", ba "masha Allah". A nan ɗan guntun fatan da nake riƙe da shi, cewa ko a kasuwar gwanjo ya saya bai sani ba, ya faɗi ya fashe.

Kamar haɗin baki sai ga kiran Umma daga Gusau. Na ɗauka don in ban ɗauka ba Kawu za ta kira.

"Ƴar biyu, ya sanyi? Kin ga yanzu muka gama suyar cincin, dubulan gobe. Baffanninki na Tsafe sun ce tun Alhamis za su iso. Kowa sai sa albarka yake, an ce yaron ɗan mutunci ne. Ke dai kin fitar da ni kunya, Hasana ta yi ɗaki shekara biyu ana ta min surutu a kanki. Me ya sami muryarki?"

"Mura ce, Umma."

"Ki sha citta. Kar ki je ki rame min."

Na kashe na kifa kaina a gwiwa. Awarwaron matar da ban san sunanta ba suna ta kaɗawa a hannuna duk motsin da na yi.

Anti ta durƙusa ta ce in bari ta cire min kayan a ninke su yadda aka same su. Ta taɓa ƙullin da Mahasin ta yi ta ce zaren ya tsufa, sai da allura za a kwance shi a hankali. Na ture hannunta. Kun san ni in raina ya ɓaci.

"Bar shi, Anti. Ba abin da zan cire. Ya zo ya gan su a jikina, ya gaya min da bakinsa na wace ce."

"Haram alaiki, ƴata, wannan bai dace ba."

"Khalas, na gama magana."

Daga Mohandessin zuwa Ashir da cunkoson rana tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Haka na zauna ban ci ban sha ba, shayin ya huce ya yi fata. Na yi azahar a zaune a cikin kayan, ban ma san me na karanta ba. An kira la'asar ke nan saƙonsa ya shigo: "Ina ƙofarku." Na ja yadin na rufe kaina sosai, na sauko.

Yana tsaye a gaban ƙofarmu, rigarsa ta jiƙe da gumi duk sanyin nan. Ya ɗago kai ya gan ni a saman matakala. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Ya ja baya har bayansa ya bugi bango, ya sulale ya zauna a ƙasa, bakinsa na motsi.

"Nasrin," ya ce.

"Husaina dai. Wace ce Nasrin?"

Ya rufe fuska da hannu biyu. Namiji guda, kafaɗunsa na girgiza.

"Dakta, da kai nake. Kayan wa na saka?"

"Matata ce. Ƴar ajinmu ce. Mun yi aure a shekarata ta huɗu, a masallacin unguwarsu, da waliyyi da shaidu. Ban gaya wa kowa a gida ba, Baba ya rantse duk wanda ya auro bare ba shi ba shi. Na ce sai na gama karatu in lallaɓa shi. Wajen haihuwa ta rasu."

"Abin da ta haifa fa?"

"Tana nan. Huda. Shekararta huɗu, tana wajen kakarta." Ya share ido da hannun riga. "Kakar ce ta ba ni akwatin, ta ce ƴaƴanta maza za su sayar, in ajiye wa yarinyar sai ranar aurenta. Amana ce, Husaina. Gadon marainiya ne. Don Allah ki cire."

Ƴa. Yana da ƴa mai shekara huɗu. Mutumin da na ce ko tari ya yi na san dalili. Duk ranar Lahadi da yamma yakan ce min zai kira "abokan karatu", ya yi awa guda yana magana da yarensu a tausashe yana dariya, ni kuma ina gefe ina jin daɗi wai saurayina ya iya Indiyanci.

"Da Kawu ya tambaye ka fa? Ina bayan ƙofa, da kunnena na ji. Sau biyu ya tambaye ka."

"Tsoro na ji. Na ga in na faɗa zan rasa ki. Na yi niyyar gaya miki bayan an ɗaura."

"Bayan an ɗaura! Bayan na shiga ba fita, ko? Wallahi da ka ce min matarka ta rasu ta bar maka ƴa, da ni zan fara kuka, da ni zan goya ta. Amma ka kalli tsabar idon Kawuna ka ce babu? Ƴar taka ce babu?"

"Ki rufa min asiri zuwa Juma'a. Kwana uku kawai. Ni da kaina zan sami Malam daga baya, na rantse."

Tausayinsa ya kama ni, ba zan muku ƙarya ba, har yanzu ina son sa. Haushi kuma ya taso ya danne tausayin. Na kai hannu ƙeya in kwance sarƙar in jefa masa, ƙullin Mahasin ya ƙi. Na ja, ya ƙi. Na fizga.

Zaren ya tsinke.

Baƙaƙen duwatsun suka watse a kan simintin, suna tsalle suna gangarawa matakala ɗaya bayan ɗaya, ƙararsu kamar ana zuba gero a kwano. Ɗan watan ya faɗo a kan ƙafata. Ukasha ya yi wata ƙara ya rarrafa yana tare su da tafin hannu, yana cewa "a'a, a'a, a'a". Ni kuwa na daskare da guntun zare a hannu. Abu ɗaya da uwar yarinyar nan ta bar mata daga wuyanta, ni na tsinka shi.

Sai na ji takun da na fi sani a duniya yana hawowa, a hankali, da ɗan tarin nan nasa. Kawu ne ya dawo daga ɗakin karatu, littattafai a hammata. Ya tsaya a kwanar matakala. Ya kalli Ukasha a durƙushe, ya kalle ni cikin jan kayan amare da abin goshi, ya kalli ƙasa. Wata ƙwaya ɗaya ta gangaro ta tsaya a jikin takalminsa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya juya ta a tsakanin yatsunsa.

"Ƴar biyu," ya ce, muryarsa ko ɗagawa bai yi ba. "Na wane ne wannan?"

Ukasha ya ɗago ya kalle ni. Idonsa na roƙona. Na tuna cincin ɗin Umma. Na tuna baffannina na Tsafe. Da na ce "tsarabar Dakta ce ta tsinke", shi ke nan, Kawu zai wuce ciki, Juma'a ta zo ta wuce lafiya. Kalma biyar kacal. Na buɗe baki da niyyar faɗar su, Allah shi ne shaidata.

"Na matarsa ne, Kawu. Ta rasu. Tana da ƴa."

Hannun Ukasha ya tsaya a kan simintin.

Kawu bai ce innalillahi ba, bai yi faɗa ba. Ya ƙaraso ya kama hannun Ukasha ya buɗe tafin, ya ajiye masa ƙwayar a cikin sauran.

"Tsince su duka, har ƙasa. Kar marainiya ta rasa ko ɗaya." Ya juyo gare ni. "Ke kuma je ki cire kayan mutane, ki ninke su da mutunci."

Ya buɗe ƙofa ya shiga. Ina tsaye a wajen, ɗan watan zinariyar da na ɗauka daga kan ƙafata a hannuna, na ji ƙarar madannan tsohuwar wayarsa, sannan na ji muryarsa daga falo, ya kira mahaifina a Gusau.

"Assalamu alaikum, Alhaji. Kana kusa da mutane? To ɗan tashi ka koma gefe."